Yadda ake haɗa bidiyon girki marar magana da tandar takoyaki ta Japan

Ranar da na fara cin karo da irin wannan bidiyo, sai da na kai ƙarshensa kafin na lura ba wanda ya ce uffan a ciki. Hannu biyu ne kawai a kan teburin katako. Suka yanka salatif ɗin kwali, suka zaro wani baƙin kasko mai ramuka a jere, suka shafe shi da mai, suka tsiyaya ƙullu. Ƙarar da ƙullun ya yi da ya taɓa ƙarfe mai zafi ita ta tsayar da ni, don na san ta tun ina yarinya, a gindin tandar mai masa ta bakin layinmu. Aka ce gani ya kori ji, amma a wannan fanni ji bai koru ba: bakin mai girki ne ya yi shiru domin kayan aiki su samu sarari su yi tasu maganar. Masu kallo na kiran wannan salo ASMR, sunan da ya fito a 2010, kuma yawancinsu da abin ji a kunne suke kallo, cikin dare.

In kina sha'awar haɗa naki, ga yadda nake bi, tun daga zaɓen kaya har ɗora shi a intanet.

Ki fara da zaɓen abin da zai iya bayyana kansa

Japan ta cika da kayan kicin masu ban mamaki. Akwai robar da ake matse dafaffen ƙwai a ciki tun da zafinsa, a jefa a ruwan sanyi, ya fito da siffar zomo ko tauraro. Akwai mazubin dunƙule shinkafa mai kusurwa uku, da kaskon naɗa wainar ƙwai mai kusurwa huɗu, da injin da ke zagaya siririyar taliya a ruwan sanyi ana kamawa da tsinke. Da yawa ana samunsu a shagunan kayan araha na yen 100 (yen kuɗin Japan ne) irin su Daiso da Seria, masu nauyin kuma a titin Kappabashi na Tokyo ko Doguyasuji na Osaka, inda shagunan kayan girki suke jere reras.

Ba kowanne ne ke yin bidiyo mai daɗi ba. Ki tambayi kanki abu biyu: yana sauya kamannin abinci a gaban ido? Yana da sauti? Robar ƙwai tana da na farko, ba ta da na biyu, shi ya sa minti ɗaya ya ishe ta. Tandar takoyaki tana da duka biyun, ga shi kuma hannun da ya saba juya masa ba zai sha wahala da ita ba. Ita na zaɓa mana.

Takoyaki abincin bakin titi ne na Osaka. Tako shi ne dabbar tekun nan mai hannaye takwas, yaki kuma gashi ko suya. Ana danganta farkonsa da wani mai sana'a, Endo Tomekichi, a 1935. Ramukan tandar kan kai faɗin santimita 4, sun fi na tandar masa zurfi da ƙanƙanta, domin abin da ake so ya fito ƙwallo ne sumul, ba mai fuska biyu ba.

Ki karanta kwali tun kafin ki biya kuɗi

Nan ne mutane suka fi yin asara, don haka zan ɗan daɗe.

Wutar gida a Japan bolt 100 ce. Tamu a Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240. Tandar lantarki da aka rubuta wa 100V kaɗai, in kika sa mata mahaɗin soket kika jona kai tsaye, ƙonewa za ta yi nan take, wataƙila har da tartsatsi. Mahaɗin soket bakin filogi kawai yake sauyawa, ba ya rage ƙarfin wuta. Sai an haɗa da tiransifoma mai ragewa, wadda wat ɗinta ya zarce abin da aka rubuta a gindin tandar, kuma yawancin waɗanda ke kasuwa 110 suke fitarwa don kayan Amurka, ba 100 cif ba. Shawarata ki huta da wannan duka, ki sayi tandar baƙin ƙarfe da ake ɗorawa a kan gas. Ta fi ƙarko, ta fi riƙe zafi, ɗauke wuta ba ya tsayar miki da aiki, sautin suyarta kuma ya fi na mai rufin hana kamu armashi nesa ba kusa ba.

Rubutun kwalin na Japananci ne, amma Google Lens zai fassara miki in kin haska masa kyamara. Duk da haka ki riƙe wasu alamu da ido. 鉄 ƙarfe ke nan. ガス火専用 na nufin a kan gas kaɗai ake ɗorawa. In kayan ya zo da kullin garin haɗi ko kwalbar miya, ki duba jerin abin da ke ciki: 豚 alade ne, ゼラチン jelatin ne wanda sau da yawa daga alade ake samunsa, 酒 da 酒精 barasa ce. Shi kuwa みりん, wato mirin, na asalinsa yana ɗauke da barasa kusan kashi 14 cikin 100, kuma yana shiga miyar Japan da dama. Abin da kika gani da waɗannan ki ajiye shi, za mu haɗa namu.

Sai awo. Kofin girki na Japan mililita 200 ne, na awon shinkafa kuma 180. Babban cokali 15, ƙarami 5. In takardar cikin kwali ta ce kofi ɗaya kika ɗauko kofin shayin gidanki, ƙullun zai tashi daban.

Wuri da haske

Ba sai kina da kicin na alfarma ba. Tebur ɗaya kusa da taga ya isa, hasken ya shigo daga gefe, ba daga bayanki ba. In rana ta yi kaifi ki saki farin labule mara kauri, a ɗaya gefen kuma ki jingina farin kwali ya mayar da haske kan inuwa. Ki kashe ƙwan ɗaki. Lantarkinmu na bugawa sau 50 a daƙiƙa, waya kuma galibi hoto 30 take ɗauka a daƙiƙa, shi ya sa wani lokaci za ki ga layuka na yawo a bidiyo. In dole sai da fitila, ki saita kyamara a kan hoto 25 ko 50 a daƙiƙa idan wayarki ta ba da dama.

Shimfiɗar tebur ta zama mai launi ɗaya. Katako, ko faifai da tabarmar kaba a gefe nesa da wuta, sun fi ledar tebur mai furanni, wadda ke janye ido daga abinci. A lokacin hunturu ki goge tebur dab da fara ɗauka, don ƙura na fitowa ɓaro-ɓaro a kan baƙin ƙarfe.

Waya na buƙatar mariƙi mai ƙafa uku, ko wanda ake maƙalawa a bakin tebur. Ki sa ta a kwance, ki zaɓi ingancin hoto na 1080p, ki sa yanayin jirgi don kada kira ya katse ki, ki danna allo ki riƙe a kan tandar har ta kulle haske da saiti. In ba ki kulle ba, duk shigowar hannunki sai hoton ya yi duhu ya washe.

Sauti, wanda shi ne rabin aikin

Ki tsaya shiru a ɗakin na minti ɗaya, ki saurara. Za ki ji abubuwan da kunne ya daina lura da su: gurnanin firji, fanka, janareton maƙwabta, hon ɗin A Daidaita Sahu, zakara. Makirufo ba ya yafe ko ɗaya. Ki kashe fanka, ki cire firji na ɗan lokaci, ki rufe ƙofa. Lokacin da ya fi mini shi ne da hantsi, bayan yara sun tafi makaranta, kafin a fara haramar abincin rana. In aka kira salla ki dakata, ki ci gaba bayan an idar.

Ƙaramin makirufo mai maƙalewa a riga ya wadatar, amma ba a rigar za ki sa shi ba, don numfashinki zai ɗauka. Ki maƙala shi a jikin kofi ko ƙaramin katako, tazarar kamu ɗaya da rabi daga inda aiki ke gudana, ta gefen da mai ba ya fantsama. Ki yi gwaji na daƙiƙa 20, ki saurara da abin kunne. Ki kuma naɗi shirun ɗakin na rabin minti, za ki buƙace shi wajen cike giɓi lokacin tacewa.

Awarwaro da agogo ki cire, suna danne ƙananan sautuka. Lalle kuwa ki bar abinki. Hannu shi ne fuskarki a wannan bidiyo, kuma hannu mai lalle a kan tandar Osaka abu ne da mai kallo zai tuna. Farce dai ya zama a yanke, tsaf.

Buɗe kwali

Wannan sau ɗaya ake yinsa, ba a maimaitawa, don haka ki tabbata jan ɗigon naɗi na aiki kafin reza ta taɓa salatif. Ki fara cire takardar da ke ɗauke da sunanki da adireshi da lambar waya, ko ki shafe ta da baƙin alƙalami. Ki lura kuma da cokali ko murfin tukunya mai sheƙi, suna nuna fuska.

Waya na sama tana kallon tebur. Ki shigo da kwalin tsakiya, ki bar shi daƙiƙa uku. Ki juya shi a ga kowane gefe, ki tsaya a kan rubutun da zanen. Sa'an nan ki yanka a hankali, ja ɗaya mai tsawo. Duk motsin da za ki yi, ki rage saurinsa zuwa rabin yadda kika saba. Da farko za ki ji kamar kin cika nawa, a allo kuwa daidai yake fitowa.

Ki fito da abu ɗaya-ɗaya, ki jera: tanda, tsinken juyi, burushin mai na zaren auduga in ya zo da shi, takardar bayani. Tunda ba baki, hannu ne zai amsa tambayoyin mai kallo. Nawa ne nauyinta? Ki ɗora a sikeli a ga lamba. Yaya girman rami? Ki sa ƙwai ko lemon tsami a ciki. Ƙarfe ne na gaske? Ki ƙwanƙwasa da cokali a ji amo. In akwai aibu, gefe mai kaushi ko mariƙi mai girgiɗi, ki nuna shi da yatsa, ki matso da kyamara. Wata za ta kashe kuɗinta ne saboda abin da ta gani a wurinki, kuma shiru ba hujjar ɓoye mata ba ne.

Ki shayar da tandar mai

Sabon baƙin ƙarfe kamar sabuwar tandar ƙasa yake, sai ya sha mai yake daina kamu. Ki wanke da ruwan ɗumi da ɗan sabulu, wannan karon kaɗai. Ki ɗora a wuta ruwan ya ƙone, ki zuba man gyaɗa rabin kowane rami, ki rage wuta na minti biyar. Ki juye man, ki soya guntayen lawashi da ɓawon citta a ramukan don su kwashe ƙarnin ƙarfe, ki zubar, ki goge. Ki ɗauki wannan ma, daƙiƙa 30 ya ishe shi a bidiyo.

Ƙullu da abin ciki

Ki haɗa ƙullu da ɗan yawa, domin za ki soya aƙalla zubi biyu ko uku don samun kusurwoyi daban-daban. Fulawa giram 200, ƙwai 2, romo mililita 700, gishiri rabin ƙaramin cokali, soya sos ƙaramin cokali 2. Wannan zai ba ki ƙwallo kusan 40.

Romon da Japanawa ke amfani da shi sunansa dashi, ana yinsa da busasshen ganyen teku kombu da ferarren busasshen kifi katsuobushi, kamar giram 10 da giram 20 a lita ɗaya ta ruwa. In ba ki samu ba, ki tafasa bandar kifi mai kyau da ɗan busasshen jatan lande, ki tace da rariya mai laushi. Ko wanne kika yi, sai ya huce sarai kafin ya haɗu da fulawa, in ba haka ba ƙullun zai yi danƙo.

Ki fasa ƙwai kusa da makirufo, ki kaɗa, ki zuba romo, ki tankaɗo fulawa a kai kaɗan-kaɗan kina burgawa har gudaji su ɓace. Za ki ga ya yi tsararo, ya fi ƙullun masa ruwa sosai, zuciyarki za ta ce ki ƙara gari. Kada ki ƙara. Ruwan nan shi ke sa ciki ya yi laushi kamar narkakken fate yayin da baya ke ƙamas. Ki juye a butar roba mai baki, ki bar shi ya huta minti 20.

Abin ciki na asali dafaffen tako ne yankan ƙanana, da lawashi, da jar citta mai tsami, da tenkasu, wato ɓarɓashin soyayyen ƙullu. Tenkasu ba wuya: ki yarfa ɗigon kwaɓin fulawa a mai mai zafi, ki tsame. Tako kuwa ba a cika samunsa a kasuwanninmu na nesa da teku ba. Ki sa jatan lande, ko kaza, ko dafaffen naman sa. Kada ki ji kamar kin ɓata musu abinci: kafin takoyaki akwai rajioyaki, wanda jijiyar naman sa ake sa masa, daga shi ne ma takoyakin ya samo asali. Abin da ya wajaba kawai ki rubuta a allo abin da kika sa, kada mai kallo ya zaci tako ne.

Kowane abu a ƙaramin kwanonsa, a jere yadda za su shiga. Jerin nan shi ne ke maye gurbin "sai ki ɗauko kaza" da ake faɗa da baki.

Suya

Ki sauko da waya daga sama. Tururi na dusashe gilashin kyamara, zafi kuma na sa waya ta kashe kanta. Ki sa ta a gefe, ta karkato kamar yadda mai zaune a gaban tanda ke kallo, tazarar kamu uku. In kina aiki da ƙaramin murhun gas mai gwangwani a gefe, ki tabbata tandar ba ta rufe saman gwangwanin ba, don zafi na iya fasa shi.

Ki zafafa tanda a matsakaiciyar wuta, ki shafa mai a yalwace, cikin ramuka da saman da ke tsakaninsu. Ki ɗiga ƙullu kaɗan, in ya yi ƙara nan take ta yi. Ki juya ƙullun butar don fulawa na kwanciya a ƙasa, ki cika ramuka. Ki jefa nama ɗaya a kowane rami, ki barbaɗa tenkasu da lawashi da citta a ko'ina, sa'an nan ki ƙara ƙullu har ya malale ya rufe saman tandar gaba ɗaya. Mai masa za ta ga wannan kamar ɓarna, amma da malalar ake cike ɗaya rabin ƙwallon.

Ki bar shi minti biyu zuwa uku ba taɓawa. Kada ki yanke wannan jiran duka wajen tacewa, a nan sautin ya fi daɗi. Da gefe ya fara kamewa, ki ɗauki tsinken tsire ki ja layi tsakanin ramuka, tsaye da kwance, kowane rami ya samu murabba'insa. Ki soka tsinke ta gefe, ki juya shi rabin juyi kawai, ya tsaya a kan gefensa, ba kifewa irin ta masa ba. Ɗanyen ƙullun ciki zai gangaro ya kwanta a gindin rami ya yi sabon ɓawo. Ki tura ɓarɓashin gefe ciki, ki jira kamar minti ɗaya, ki sake juyawa bakin ya koma ƙasa. Daga nan sai ki yi ta mirgina su. Wutar gas ta fi cin tsakiya, don haka ki riƙa musanya na tsakiya da na gefe. A ƙarshe ki shafa musu ɗan mai, su yi ja su yi sheƙi. Duka bai fi minti goma ba.

Zubin farko kan yi kamu ko ya fito a murguɗe. Ki bar shi a bidiyon, ko da a taƙaice. Wadda ta sayi tandar ita ma haka nata zai yi, in ta ga naki ba za ta karaya ba. Zubi na biyu ki matso da kyamara kan rami uku ko huɗu kawai, a ga yadda tsinke ke shiga. Na uku ki ɗauka a tsaye, don gajeren bidiyo.

Ki jera a faranti, ki shafa miya. In ba ki da tasu, ki dafa tumatirin kwalba da soya sos da ɗan sukari da ɗigon lemon tsami har ya yi kauri. Ki ja siraran layukan mayonis, ki barbaɗa katsuobushi in kina da shi. Siraransa kan motsa su lanƙwashe saboda tururi, kamar masu rai, kuma ba hoton da ya kai wannan riƙe mai kallo. Ki tsaga ɗaya a ga tururi da laushin ciki, amma ki jira kafin ki kai baki, cikinsa ya fi bayansa zafi ƙwarai. Ni nakan ware guda huɗu in barbaɗa musu yajin ƙuli, in nuna su bayan na nuna yadda masu abin ke ci.

Tacewa da ɗorawa

CapCut ko InShot a waya sun isa. Ki jera hotunan yadda aikin ya gudana, kada ki sauya tsari don kyau, domin wanda ba a yi wa bayani da baki ba tsari kaɗai yake bi. Yawancin yanka su tsaya tsakanin daƙiƙa uku da shida, sai wajen juyi da zuba ƙullu ki sake musu. Ki yanke a tsakiyar motsi, hannu na ɗaga cokali a nan, ya sauke shi a hoto na gaba. Minti shida zuwa takwas ya yi wa wannan girki.

Ki sa abin kunne ki bi sautin daga farko. Duk inda ƙarfe ya bugi ƙarfe da ƙarfi ki rage shi, ki tuna da mai kallo cikin dare. Inda tari ko hon ya shigo, ki cire ki liƙa shirun ɗakin da kika naɗa. Kada ki ɗauko ƙarar suya daga wani wuri ki ɗora, kunne na gane sautin da bai dace da hoto ba. Kiɗa ba dole ba ne, ni ban sa shi. Waƙar wani kuwa na iya sa YouTube ya toshe bidiyon ko ya karkatar da kuɗinsa ga mai waƙar.

Rubutun allo ya zama gajere, a ƙasa, fari: "Fulawa giram 200", "Wuta matsakaiciya", "Minti 3". Ki rubuta da Hausa, lambobin kowa zai gane. A take ki haɗa sunan Hausa da takoyaki da たこ焼き, don masu nema da kowane harshe su same ki. A bayanin ƙasa ki sa cikakken awo, da girman tandar, da gargaɗin bolt 100. In kyauta aka ba ki kayan don ki tallata, ki faɗa, ki kuma danna wurin da YouTube ya tanada don hakan. Hoton bango ki ɗauko shi daga cikin bidiyon, lokacin da rabin ƙwallayen suka juyu rabi ba su juyu ba.

Yayin da yake hawa intanet, ki koma kan tandar tun da sauran ɗuminta. Ruwan zafi da burushi kawai, ban da sabulu. Ki mayar da ita wuta ta bushe ƙarau, ki shafa mai siriri a kowane rami, ki naɗe a takarda, ki ajiye inda damshi ba ya kaiwa, musamman da damina, don kwana biyu cikin laima sun isa tsatsa ta kama ta.